Lamba Goma Sha Bakwai

Burodi nake gasawa a Zengo.
Kafin ladan ya gyara murya
na fidda faranti na ƙarshe,
na kankare ƙullu daga yatsuna,
na jawo keken da ke jingine bayan buhunan fulawa.

Lahadin tseren Mirriya
mu ashirin da uku ne a bakin gudron.
Aka maƙala mini lamba a gadon baya da allura biyu,
goma sha bakwai.
Yaran kulob cikin riguna masu sheƙi,
ƙwaurinsu sumul kamar feraren rake,
ni kuwa da wandon da Yagana ta rage mini
daga tsohon kaki na wanta.

Jandarma ya busa usur.
Kaca ta ciji haƙora, muka zuba.

Iskar gabas ta tare mu tun daga shinge,
ta sa hannu a ƙirjina tana turawa.
Na ɓuya bayan Kyari, dogon nan mai gyaran rediyo,
ina kallon tayarsa, ina jin nishinsa,
tsakanina da shi bai kai taƙi ba.
Da ya gaji ya kauce, ya ɗaga gwiwar hannu,
wato kai ma zo ka biya bashinka.
Na biya.
Cinyoyina suka kama da wuta irin ta tanda,
bakina ya koma garin rogo.

A Mirriya muka juya gindin wata kuka,
wata tsohuwa ta watsa mini ruwan buta a wuya,
ban ga fuskarta ba, har yau ina mata addu'a.
Na goma sha ɗaya na zo.
Na ɗaya ya tafi da jika talatin da buhun shinkafa,
ni na tafi da ciwon gindi
da barcin da ya sa burodin Litinin ya ƙone.

Bayan damina aka ce sai duwatsu.
Na ari mai ƙaton taya wurin ɗan ƙanwata,
birkin baya yana kuka kamar ɗan akuya.
Duwatsun bayan Birni, na san su tun ina yaro,
a kansu muka farauci ƙadangaru,
amma ban taɓa tambayarsu hanya da keke ba.
Nan ba a ɓuya bayan kowa.
Dutse, rairayi, saiwa, rami,
ka zaɓa kafin ka ƙifta.

Zagaye na biyu, a gangaren da ake ce wa Maƙogwaro,
na matse birkin gaba.
Sama ta koma ƙasa.
Na tashi da ƙarangiya har cikin hammata,
jini a gwiwa, taya tana fito a hankali
kamar mai raina ni.

Kyari ya zo wucewa, ya wuce,
sai kuma na ji ƙarar birki.
Ya jefo mini faci da famfo,
ya ce, Gremah, in ka mutu a nan
wa zai tare mini iska baɗi?
Ya tafi yana dariya, mutum huɗu sun riga sun sha gabansa.

Sauran hawan a kafaɗa na ɗauki keken,
shi da ya saba ɗaukata.
Na iso ana naɗe igiyar ƙarshe,
mai rubuta suna ya sa biro a aljihu,
ya sake fiddo shi don ni.

Yagana ta cire ƙayoyin da hantsaki, ɗaya bayan ɗaya,
tana ƙirgawa, ba ta ce komai ba sai a ta arba'in:
Shekarunka ke nan, har da ɗaya a kai.

Lambar tana rataye a ƙusa gefen tanda,
hayaƙi ya cinye rabin bakwai ɗin.
Jiya Kyari ya aiko yaronsa sayen burodi,
na sa masa biyu gyara
da famfon da ban mayar ba tun ranar.