Noti Na Biyar

Talata, a kan hanyar Ullapool,
tayar baya ta hagu ta saki numfashi
kamar wadda ta gaji da zancen duniya.
Na gangara gefe, na kashe mota.
Yayyafi na sauka. Tumaki uku a kan tudu
suna tuƙa, suna kallona, ko sannu babu.

Ban tsorata ba. Shekarata sittin da huɗu,
na san jak, na san sifana,
Murdo ya koya min tun muna da ƙarfin gardama.
Noti huɗu suka kwance ba musu,
na tara su a hulata kada ciyawa ta haɗiye.
Na biyar ya tsaya yana dubana
da fuskarsa mai zane-zane,
mulmulalle, babu kusurwar da ƙarfe zai kama.
Shi wannan ba ya jin maganar kowa
sai ta makullinsa.

Don ɓarayi na sa shi, in ji Murdo.
Wane ɓarawo, a ƙauyen da ko ƙofa ba ma kullewa?
Ya ce rigakafi ya fi magani.
To ga shi, shekara tara notin yana gadi,
ni kaɗai ya taɓa kamawa.

Na zazzage aljihun mota:
rasit ɗin man bara, tabarau mai ƙafa ɗaya,
alewar da ta manne da takardarta,
taswirar da ya ninke a karkace.
Na ɗaga shimfiɗar but, na laluba ƙarƙashin safaya,
na durƙusa a laka ina leƙen ƙasan kujera.
Bakina har ya buɗe, "Murdo, wai ina ka..."
Wata bakwai ke nan,
amma harshena bai sami labari ba.

Sai bayan awa biyu Torquil ya iso da motar gareji,
yaro ne, sanyi ya jajanta masa kunnuwa.
"Babu makullin, Ishbel?"
"Babu."
"Lambarsa fa? Galibi akan rubuta a wata 'yar takarda."
"Wanda ya san takardar yana kwance a bayan coci."
Ya sunkuyar da kai.
Ya zaɓo soket da ya ɗan yi wa notin kaɗan,
ya ɗora, ya ɗaga guduma.

Kowane bugu a haƙorina na ji shi.
Na tuna ranar da aka ɗaure notin nan,
Murdo ya taka sifana da ƙafa yana nishi,
ya ce, "Yanzu kam ba mai taɓa ki."
Ban tambaya ba, ni yake nufi ko motar.

A bugu na goma sha ɗaya ƙarfen ya yi ƙara, ya juya.
Yaron ya zuba min shi a tafin hannu,
fuskar ta tauye, da ɗuminsa kamar sabon ƙwai.
"Sauran ukun ma gara a cire,
a sa irin na kowa da kowa."
Na ce, bari dai tukuna.

Ran Lahadi ƙanƙara ta kwanta a kan shinge.
Zan kai wa kaji tsaba,
na jawo tsohuwar rigar sanyinsa daga bayan ƙofa,
karon farko tun da aka ɗauke shi.
Hannuna ya faɗa aljihu, ya ci karo da nauyi.
Ga shi nan, a naɗe cikin hankici,
tare da ƙusa biyu da guntun igiya.

Na yi dariya har kaji suka watse.
Wa ke ajiye makullin taya a rigar da ba ta shiga mota?
Sannan na zauna a kan bokiti
na daɗe ban tashi ba.

Ihu bayan hari, na sani.
Amma akwai noti uku a waje
da har yanzu suke jin maganarsa.
Na mayar da shi inda mai shi ya ajiye.
Yanzu in zan yi tafiya, rigar nake sawa,
na naɗe hannuwanta sau biyu.