Ɗigo Na Ɗari Biyu Da Sha Huɗu

Ƙarfe bakwai na safe a Ulanbato,
birnin da duwatsu suka riƙe kamar tuwo a akushi,
hayaƙin kwal ya kwanta a kansa, ya ƙi tashi.
Daga tagar ofishina ba na ganin tsaunin kudu,
sai fitilun motoci suna lalube.

Shekara shida ke nan ina auna iskar 'ya'yan mutane.
In sa wa yaro bututu a baki, in matse masa hanci,
in ce ja, ja, cika ƙirji,
to busa! busa! kar ka tsaya!
Na'ura ta zana tudu a allo.
Wani tudun kamar tozon raƙumi,
wani ko shurin gara ya fi shi.

Yara ɗari uku da sittin.
Na mai da kowanne ɗigo a takarda,
na ja layi ta tsakiyarsu,
layin ya gangara kamar yadda na zata,
ban kuwa ji daɗin cin wannan gardama ba.

Jiya amsa ta zo daga masu tace mujalla.
Wani shehin malami da bai taɓa shaƙar Janairunmu ba
ya rubuto cikin ladabi:
aiki ya yi kyau,
amma ɗigo na ɗari biyu da sha huɗu
ya yi nisa da 'yan'uwansa, yana karkatar da layi,
ƙila na'ura ce ta yi kuskure. A cire shi.

Ni na san ɗigon.
Tsolmon sunanta, shekararta bakwai,
haƙoran gaba biyu sun faɗi, ba su dawo ba tukuna.
Tana zaune a gangaren Cingeltei
cikin zagayayyen tantin gashi, murhu a tsakiya.
Kakarta Dolgorsuren kan tashi sau uku cikin dare
ta ciyar da wuta,
ranar da kwal ya ƙare, tsohuwar taya ce tuwon murhu.
Na taɓa yi mata wa'azin hayaƙi.
Ta bar ni na gama, ta miƙo mini shayi mai gishiri,
ta ce: likita, in na kashe ta, sanyi ba ya jiran asuba,
shi hayaƙi aƙalla yana ba da bashi.

Na rasa abin cewa. Na sha shayin.
A bayan labule ƙirjin yarinyar yana fito
kamar buta ta kusa tafasa.
Fuka ba ta da hayaniya, ɗan siririn kuka ne,
wanda ya taɓa kwana kusa da shi ba ya mantawa.

Ni na kwana.
Ubana ya tuƙa motar kwal daga Nalaih shekara ashirin,
a ƙarshe da taku yake lissafin duniya:
tara daga gado zuwa ƙofa,
ya dafa gini, ya huta,
tara ya dawo.
Ba shi cikin jadawalin kowa.

Don haka na zauna na rubuta:
Ranka ya daɗe, na gwada na'ura sau biyu a ranar,
lafiyarta ƙalau.
Ɗigon yana inda yake ne domin can yarinyar take.
In layi ya karkace, nauyinta ya ɗauka.

Na aika. Na yi tari, na duba hankici don sabo.

Gobe ƙarfe tara za ta zo.
A allon akwai hoton kyandir goma
da yara ke kashewa da busa.
Bara ta kashe uku.
Ta ce in ajiye mata na huɗun,
kar in bari wani yaro ya riga ta.