Makullai Bakwai

Yagana, miƙo hannunki.
Ga su nan, bakwai, a igiyar fata,
shekara talatin da ɗaya suna huda mini aljihu.
Gobe ni tsohuwa ce kawai a Garin Malam,
ke ce majo.

Ƙaramin nan na firjin rigakafi ne.
In kuran ya ɗauke, kada ki jira asuba,
tashi Sha'aibu gardi ya nemo ƙanƙara a Zango.
Biya daga lalitarki, ki rubuta a littafi.
Ba mai maido miki.
Ke dai rubuta.

Mai tsatsar nan, ɗakin haihuwa.
Gado biyu ne, ɗaya gurgu, mun tokare shi da bulo.
Can na riƙe tocila da haƙori
daren da mata uku suka durƙusa lokaci guda.
Biyu na sallama da goyo.
Ta ukun, Habsu sunanta, daga wani ƙauye bayan Mirya.
Ba magani ne ya ƙare ba a ranar,
hannu ne bai kai ba.

Na uku na ɗakin magani, na huɗu na tankin ruwa.
Kin san Damagaram,
kafin ki wanke hannu sai kin yi ciniki da mai amalanke.

Dogon nan kuwa na sabon gini ne,
wanda aka zo da mota goma sha biyu aka yanke wa ƙyalle.
Akwai na'ura a ciki, tun bara waccan tana barci a ledarta.
Wanda ya san yarenta bai iso ba,
an ce takardarsa na kan wani tebur a Yamai
tana jiran biro ya sauka.
Na sha leƙa ginin da dare.
Fenti ba ya jin bugun jijiya,
siminti bai taɓa ce wa mai jego sannu ba.

Yara goma sha ɗaya na koya wa neman jijiyar jariri.
Laminu yana Agadas, wata ƙungiya ta ɗauke shi.
Harira ta bi albashi har Maraɗi.
Kyari, wanda allurarsa ba ta sa yaro kuka,
jiya na gan shi a Kasuwar Dole yana sai da cajar waya.
Ban ga laifin kowa ba.
Wanda ya shuka gero ya hana shi ruwa
ba ya tsayawa bakin gona yana zagin kara.

Ke ma na sani, wata biyar ke nan
kwantiraginki bai haifi ko dala ba.

Na shida na ofis. Cikin durowa akwai littafin kwamiti.
Ran Laraba ta farkon wata suke zama gindin bedi:
Malam Tanimun da tabaraunsa, Dela mai ƙosai, wakilin magajin gari in ya tuna.
Karanta musu lissafi da ƙarfi, jika jika,
abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da aka yi alkawari.
Kuɗin da aka ƙirga a rana
ba ya saurin yin ƙafa.
In manya sun zo da tambayar me kuke bukata,
kada ki fara da rufin kwano.
Ce musu: ungozoma biyu, mai awon jini ɗaya,
da albashin da ya san kwanan wata.

Wannan na ƙarshe, ɗan mitsitsi,
na akwatin ƙorafi ne da ke bakin ƙofa.
Sau ɗaya na tarar da takarda a ciki,
da ajami, a bayan odonas:
Mun gode. Amma ita kaɗai ce, ta gaji.
Ban kai wa kowa ba. Kuskurena ke nan.
Tana cikin littafin, ke ki kai.

Ji can, kabu-kabu ya tsaya, ana salati.
Ɗaura makullan a ƙugu.
Je ki.
Bari in riƙe miki tocila, yau dai kaɗai.