Rasit a Cikin Huhun Goro

Daren jiya rediyon Jungudo ya kawo mana labari,
muna zaune a rumfar shayi bayan tashar Kumo:
wai can Amurka wasu jihohi sun halatta tabar wiwi,
a kanti ake sayar da ita, da ma'auni, da takarda,
gwamnati na bakin ƙofa tana yankar rabonta.
Wata jiha ta yanki tsoka, wata ta yanka har ƙashi,
mai saye ya dubi farashi, ya shafa aljihu,
ya juya ya koma lungun da ya baro.

Jama'a suka ce a'uzubillahi.
Ni ma na ce. Sai dariya ta kuɓuce mini
har shayi ya sarƙe ni.
Ba ganyen ya ba ni dariya ba, Allah Ya raba mu da shi.
Lissafin ne. Na san shi kamar yunwar cikina.

Goro nake sayarwa, shekara ashirin da uku.
Halal ne tun daga reshe har bakin mai tauna,
da shi ake raɗa suna, da shi ake ban haƙuri.
Amma ku tambayi huhuna hanyar da ya biyo.
Ya baro Shagamu da kuɗinsa guda,
kafin ya haye gadar Lokoja an yago masa takarda,
Akwanga ta ƙara wata,
Jos ta buga hatimi ja,
Bauchi ta ce ba ta san hatimin Jos ba.
Kowace iyaka da katakonta mai ƙusa,
kowane katako da cikin da yake ciyarwa.
Ya iso mini a gajiye, rabin ganyen ya bushe,
goro bai ƙaru ba ko ɗaya,
kuɗinsa kuwa ya haihu har da jikoki.

Ranar kasuwa ga Yila da littafinsa.
Mutumin kirki ne, yana gaishe ni da hannu biyu,
sannan ya yage na rumfa, na shara, na jiha,
da wani sabo da shi kansa bai iya faɗin sunansa ba.
Ni ba na biya daga jinina.
Ina ɗora wa ƙwarya, ƙwarya ta ɗora wa ƙwaya,
ƙwaya ta faɗa kan Inna Dudu.

Da, huɗu take ɗauka, marsa, fari tas,
ta ƙulle a bakin zane ba ta ko taya ba.
Jiya ta daɗe tana juya guda ɗaya a tafin hannu,
ta ce, Bappa, in an ɓare, nawa ne ɓarin?

Can gindin durumi kuma Hammadikko ya shimfiɗa buhu.
Nasa da dare yake shigowa, a bayan babur,
ta hanyar shanu, inda babu katako babu hatimi.
Wani da sankara, wani daushe ne da ya ga duniya,
amma naira hamsin ce tsakanina da shi,
kuma naira hamsin ta fi zumunci ƙafa.

Kada ku ce ina ƙin haraji.
A gyara kwalbatin da ke kwarara cikin rumfata duk damina,
in biya ina murmushi.
Sai dai saniyar da aka tatsa sau bakwai kafin azahar
ba ta kwana a garken.

Ɗazu da la'asar na hango Yila,
littafin a hammata, ya waiga dama, ya waiga hagu,
ya durƙusa gindin durumi ya sayi biyu.
Ban kira shi ba.
Na tattara rasit ɗin makon nan, goma sha ɗaya,
na yayyafa musu ruwa,
na rufe sauran goron da su.
Ba sa riƙe danshi kamar ganye.