Mesar da ke Tsakani

A El Maitén, tun gari bai waye ba,
Remigio Huenchul kan durƙusa cikin ƙanƙara,
ya cusa kai inda kan jirgi ya ƙare,
taragon ruwa ya soma.
Taki ɗaya ne tsakaninsu.
Nan mesa take rataye, baƙa wuluk, mai kaurin dantse,
ta saki ciki kamar igiyar shanya da aka ɗora wa jiƙaƙƙen bargo.

Yakan bi ta da yatsu daga wuya zuwa wuya,
yadda mai saye ke lalube ƙirjin tunkiya.
Ya ce da ni, "Ƙarfe biyu ne, yaro, ba su taɓa shiri ba.
Na gaba ya karya hagu, na baya bai ji labari ba tukuna.
Wannan na kan tudu, wancan na cikin kwari.
A haka za a shayar da mai wuta a ciki,
ana tafe, ana jijjiga."

Shekarata goma sha bakwai, ga kaifin ido, ga gajen haƙuri.
Ranar da ciwon ƙirji ya kwantar da shi
na ga robar ta yi faso kamar diddigen makiyayi.
Na ce, me ya kawo roba gidan ƙarfe?
Na yanko bututu, na ɗaure tamau,
na goge shi har yana ɗaukar ido,
na tafi gida ina fito.

Kwanar farko bayan an haye kogin Chubut,
bututu ya ce ƙas.
Ruwa ya kwarare kan duwatsun dogo, ya daskare nan take.
Anselmo mai kula da wuta ya ga ruwa na sauka a gilashin awo,
ya kashe wutar kafin tukunya ta ci kanta.
Awa shida a fili, iska kamar aska.
Masu sausayar tumaki, da wata malama mai akwatin littattafai,
suka kewaye murhun cikin tarago,
ɗan ƙoƙon mate na zagayawa daga hannu zuwa hannu.
Da ya zo kaina suka miƙo mini.
Ba wanda ya zage ni.
Gara a ce sun zaga.

Da la'asar sai ga Remigio a keken dogo, yana tari,
sabuwar mesa a kafaɗa kamar ya dawo farauta.
Bai dube ni ba. Ya miƙo mini sufana.
"Kada ka ja ta ta miƙe.
Bar mata rara, da ita take shan wuya.
In dare ya yi ka tsiyaye ta,
ruwan da ya kwana ciki shi ke fasa ta."

Yau ya shekara talatin a ƙasa.
Baƙi kan zo su ɗau hoton hayaƙi,
su toshe kunne in an busa usur.
Ban taɓa ganin wanda ya sunkuya ba.

Ɗana Lisandro yana rijiyoyin mai a Comodoro.
Shekara goma sha ɗaya ba mu yi magana ba,
na ma fara manta kan abin da aka yi.
Herminia ce ke riƙe waya ran Lahadi.
Ta ce masa, "Babanka na gaishe ka."
Ta ce mini, "Ya tambayi gwiwarka."
Na san ban gaishe shi ba.
Ina zaton shi ma bai tambaya ba.

Jiya da dare na kamo hannunta,
ina bi da yatsu daga wuyan hannu zuwa gwiwa, a hankali.
Ta ce, "Me kake nema?"
Na ce, "Ba komai.
Kwanta, sanyi ya sauko."