Taron Laraba a Belém

A Belém ruwan sama ba ya saɓa alkawari,
ƙarfe biyu na rana yake zuwa.
Mu ma haka.
Kujeru goma sha tara a zagaye ƙarƙashin rumfar kwano,
mangwaro na faɗowa a kan rufi
kamar baƙon da ya ƙosa a buɗe masa.

Ni ne Jurandir.
Shekara ashirin ina feɗe kifi a kasuwar bakin kogi
kafin muryoyi su kama haya a kaina
ba su taɓa biyan ko sisi ba.
A fayil ɗina akwai layi guda da jan biro:
kada a bar shi da abu mai kaifi.
Wanda ya rubuta ya yi ritaya tuni,
layin bai yi ba.

An ce a cibiyar nan kowa na da bakin magana.
Mun kuwa sha magana:
launin labule, wa ya shanye sukari,
sunan da za a raɗa wa kyanwar bayan tanki.
An miƙa mana ludayi, an kulle tukunya.

Ran nan na ɗaga hannu.
Yana rawa. Aikin ƙwayar safe ne,
ko tsoro, ko su biyun sun haɗa baki.
Na ce, kifin da ake dafa mana ran Juma'a
yankan wulaƙanci ake yi masa.
Ku ba ni wuƙa.

Shiru ya sauka, har ruwan ya sassauta.
Ƙuri'ar Likita Marluce ɗaya ce kamar ta kowa,
haka dokar taro ta ce,
amma idanu suka koma kanta
yadda kaji ke kallon mai tsaba.
Ta ce, ba ni za ku kalla ba.

Sai Edileuza ta miƙe,
ita da muke raba karan sigari a bakin ƙofa.
Ta ce, ban yarda ba.
Ba kai nake tsoro ba, Jurandir,
daren Lahadi nake tsoro, da ni kaina.
Na so in yi fushi, na rasa inda zan ajiye shi.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
mu kuwa rufinmu ɗaya.

Muka yi ta ja har kofi ya huce.
Tsoho Ubiratan, da bai ce uffan ba tun Ista,
ya ce a sayo akwati mai kwaɗo biyu.
Makulli ɗaya wurin ma'aikaciyar jinya,
ɗayan fa?
Edileuza ta ce, a ba ni.
Ba zan iya buɗewa ni kaɗai ba,
ba kuma mai buɗewa a bayan idona.

Sha huɗu suka yarda, uku suka ƙi,
biyu sun fita kallon ruwa.
Likita na cikin ukun.
Ita ta rubuta sakamakon a littafin taro,
ta sa kwanan wata, ta miƙo mu sa hannu.

Ran Juma'a aka kawo tambaki mai kauri kamar cinya.
Aikin da nake gamawa a minti biyar a da
ya ci min kusan awa guda,
ɓawon kifi har a gira.
Edileuza na tsaye, makulli a wuya,
ta ce, ga ƙaya nan ka bari.
Na cire.
Na wanke wuƙar, na goge, muka ƙirga tare,
kwaɗo ya ce ƙas, ɗan'uwansa ya amsa.

Jan layin nan yana cikin fayil har yanzu.
Na sa shi a jerin batutuwan Laraba mai zuwa,
shi ne na biyu,
bayan maganar kyanwa, don ta haihu.