Yatsa Na Shida

Na kai wa Cindo hoto a waya:
wani mutum rataye jikin farin dutse,
igiya a ƙugu, alli a tafin hannu,
teku can ƙasa tana tafasa kumfa.
Ya kanne ido ɗaya, ya daɗe yana kallo.
"Mi ya aje can bisa?
Zuma ce, ko akuya ta maƙale?"
Na ce babu, hawan ne kawai.
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.

Shekara arba'in ya yi yana hawan namu,
baƙin dutsen da ya ba hanyar Daura baya.
Yatsunsa shida a hannun dama,
mutanen gari suka ce
na shidan don dutse aka ba shi.
Ya sauko da saƙar zuma a ƙwarya,
ya sauko da bunsurun Tambai a wuya,
sau ɗaya ya sauko da yaro
da bai sake magana ba sai bayan girbi.

Da hantsi na tuɓe takalma.
Hannuna na alƙalami ne, dutsen ya gane.
Na bi tsagar da ɓaure ya kafa saiwa,
na wuce kashin rema, na wuce inuwa,
har rumbunan gero suka koma kamar faifai.
Nan gwiwata ta kama rawa ba kiɗa.
Sama babu mariƙa,
ƙasa kuma na manta inda na taka.
Na manna ƙirji da kumatu,
ina jin zafin dutse yana shiga haƙorana.

Daga gindin kuka muryarsa ta taso,
ba gaggawa, kamar mai cinikin gishiri:
"Kak ka rungume shi, ba uwarka ba ne.
Ba shi fili, ya nuna ma mataki.
Ƙafa ka hawa, hannu rakiya ya zo."

Na ja jiki baya kamu guda.
Sai ga ta, 'yar gaɓa kamar bakin ludayi,
tana nan tun kafin a haifi kakana,
tana jiran babban yatsan ƙafata.

Ban kai ƙololuwa ba.
Wani ƙadangare ya kai, ya yi mini jinjina.
Na sauko da ja da baya, ina ƙirga numfashi,
tafin hannu a saɓule, wando a yage.

Cindo ya duba hannuna, bai ga zuma ba.
Ya tofa goro, ya ce in sake nuna masa hoton.
Ya ɗora yatsan nan na shida
kan wata tsaga, hagu da mutumin,
ya yi shiru.
"Da ni ne," in ji shi, "ta nan zan bi."